Me ya sa tsohuwar manhaja ke ƙin aiki a sabuwar kwamfuta?

Mutum ne ya shekara ashirin yana ajiye lissafinsa a manhaja ɗaya. Ya san lungu da saƙonta, yatsunsa sun haddace maɓallan har ba ya buƙatar duban su. Ran nan tsohuwar kwamfutar ta mutu murus, ya sayo sabuwa fil, ya ɗauko faifan da ya adana tun ranar da ya saye shi, ya ce bari ya girka ya ci gaba da aiki. Sai ga ɗan saƙo a fuskar kwamfutar: wannan manhaja ba za ta yi aiki a nan ba. Shi ke nan, babu ƙarin bayani. Wani kuma tasa za ta girku lafiya lau, ta buɗe, amma da zarar ya ce ta buga takarda sai ta sandare. Wani tasa tana aiki, sai dai bayanan da ya shigar jiya, yau ya neme su sama ko ƙasa.

Tambayar da kowa ke yi a wannan hali ɗaya ce, kuma tana da ma'ana. Kwamfutar da ta ninka tsohuwar ƙarfi sau ɗaruruwa, ta yaya ɗan aikin shekarun 1990 zai gagare ta?

Manhaja dai ba ta tsatsa. Fayil ɗin da aka rubuta a 1996, matuƙar faifan bai lalace ba, yau ma shi ne, ko ɗigo bai canza ba. Duk abin da ke kewaye da shi ne ya canza. Manhaja 'yar haya ce a gidan babbar manhaja, wato Windows ko macOS ko Linux. In tana son buɗe fayil, babbar manhaja take roƙa. In tana son zana taga, ko karɓar abin da aka latsa, ko miƙa wa firinta aiki, nan ma roƙo take yi. Wanda ya rubuta ta kuwa, da sanin gidan da ya tarar a zamaninsa ya rubuta ta: ƙofa tana nan, makunnin fitila yana can, mai gida ba ya hana kowa shiga ɗakin ajiya. Shekara talatin bayan haka, an rushe gidan an sake gina shi ya fi a ƙirga, ita kuwa tana nan tana laluben ƙofa a inda ta saba.

Saɓanin ba a wuri ɗaya yake aukuwa ba, shi ya sa shawarar "gwada kaza, ni ya yi mini" take yawan cin tura. Alamomin kan yi kama, amma ciwon ya bambanta. Sai an san hawan da matsalar take kafin a san maganinta.

Hawa na ƙasa: yaren masarrafa

Masarrafa ita ce ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni, kuma kowace tana da yarenta. In ka ji ana cewa bit 16, bit 32, bit 64, ana nufin faɗin lambar da take iya riƙewa a tashi ɗaya. Bit 16 yana ƙirgawa ne daga 0 zuwa 65,535. A kansa aka gina MS-DOS na 1981 da Windows 3.1 na 1992. Kamfanin Intel ya fitar da masarrafar 80386 mai bit 32 a 1985, wadda ke iya kaiwa ga ma'adanar gigabait 4. A 2003 kuma AMD ya kawo bit 64 cikin wannan dangi.

Shekara da shekaru Microsoft bai yar da 'yan bit 16 ba. A cikin kowane Windows mai bit 32, daga NT zuwa XP zuwa 7 har Windows 10, akwai wani ɗaki mai suna NTVDM da ake sauke manhajojin DOS da na Windows 3.1, su ji kamar suna gida. Ɗakin nan ya dogara ne da wani yanayi a cikin masarrafa wanda take kwaikwayon kakarta 8086. Da zarar masarrafa ta shiga yanayin bit 64, wannan kwaikwayo ba ya samuwa, kuma Microsoft bai saka NTVDM a Windows mai bit 64 ba. Windows 11, da ya fito a Oktoban 2021, mai bit 64 ne kawai. Saboda haka manhajar DOS ko ta Windows 3.1 ba za ta buɗe a cikinsa kai tsaye ba, ko wane saiti ka taɓa. Sanin wannan kaɗai zai hutar da mutum daga ɓata yini guda.

'Yan bit 32 su suka yi sa'a. Akwai tafinta mai suna WOW64 da ke tsaye tsakaninsu da Windows mai bit 64, kuma aikinsa yana da kyau har yawancin mutane ba su san da shi ba. Shi ne dalilin da ya sa kake ganin foldar Program Files guda biyu a kwamfutarka. Wani abu kuma da ke nuna nauyin da tarihi ke ɗora wa injiniyoyi: foldar da ake kira System32, fayilolin bit 64 ne a cikinta, yayin da na bit 32 suke cikin SysWOW64. Sunayen kamar an juya su, amma da gangan ne. Manhajoji masu ɗimbin yawa sun riga sun rubuta sunan System32 a jikinsu, canza shi zai karya su, sai aka bar sunan aka canza kayan ciki.

Ga wani tarko da ke kama mutane da yawa. A ƙarshen shekarun 1990 an sayar da manhajoji masu bit 32 waɗanda 'yar manhajar girka su take da bit 16. Kayan da ke cikin akwati lafiyarsu ƙalau, mabuɗin akwatin ne ya ƙi. Windows kan gane wasu sanannun irin waɗannan ya maye gurbinsu da kansa, amma ba duka ba. In ka faɗa wannan rami, wani lokaci mafita ita ce ka girka manhajar a tsohon Windows, sannan ka kwafo foldarta gaba ɗaya zuwa sabon. Takan yi, sai dai in manhajar ta ajiye wasu saitunanta a rajistar Windows, wato kundin da Windows ke adana saituna, to sai an kwaso su ma.

Gudu ma kansa yakan zama matsala. Manhajojin DOS da yawa da aka rubuta da Turbo Pascal suna auna saurin masarrafa lokacin da suke tashi. Da masarrafa ta wuce kusan megahaz 200, sai lissafin ya tumbatsa, manhajar ta faɗi da saƙon kuskure mai lamba 200. Tsoffin wasanni kuwa, waɗanda suka ɗaure tafiyarsu da bugun masarrafa, sai su riƙa gudu kamar walƙiya har ba a iya buga su.

Dokokin gida sun canza

A nan ne mafi yawan rikicin manhajojin zamanin Windows 98 da XP yake, kuma a nan ne aka fi yin asarar bayanai ba tare da an ankara ba.

A wancan zamani kusan kowa da cikakken iko yake shiga kwamfutarsa. Manhaja tana iya rubutu a duk inda ta ga dama, don haka masu rubuta manhaja suka saba ajiye bayanan mai aiki a cikin foldar manhajar kanta, a Program Files. Ƙwayoyin cutar kwamfuta ma wannan sakaci suka ci moriya. Da Windows Vista ya iso hannun jama'a a 2007, sai aka rufe wannan ƙofa: manhaja ba ta rubutu a wuraren tsarin sai da izini. Da an tsaya a nan, da dubban manhajoji sun mutu rana ɗaya. Sai aka yi wata dabara. In tsohuwar manhaja mai bit 32 ta yi yunƙurin rubutu a Program Files ba da izini ba, Windows ba ya ce mata a'a. Yakan karkatar da rubutun a asirce zuwa wata folda mai suna VirtualStore, can cikin AppData na mai amfani da kwamfutar. Manhajar tana ganin ta rubuta a inda ta saba, alhali kayan suna wani wuri.

Dabarar ta ceci manhajoji, amma dubi abin da take haifarwa. Mutum ya yi wata shida yana aiki. Ran nan wani ya ba shi shawarar ya buɗe manhajar da cikakken iko, wato ta zaɓin nan na Run as administrator. Da ya yi haka, karkatarwar ta tsaya, manhajar ta koma karanta ainihin fayil ɗin da ke Program Files, wanda yake nan yadda aka girka shi. Sai ya ga aikin wata shida ya ɓace, hankalinsa ya tashi. Aikin yana nan a VirtualStore, bai je ko'ina ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai kwafar foldar manhajar kowane mako yana jin ya yi ajiya, bai san fanko yake kwafa ba. Ranar da faifan ya mutu zai gane. Don Allah duk mai tafiyar da tsohuwar manhaja a sabon Windows ya leƙa wannan folda, ya tabbatar da inda bayanansa suke kwana.

Sai batun tambayar shekaru. Manhajoji da yawa kan tambayi Windows lambarsa kafin su tashi, kuma wasu an rubuta tambayar da ganganci: maimakon su ce "daga kaza zuwa sama", sai su ce "sai kaza kawai". Su ga lambar da ba su sani ba, su ƙi tashi, alhali babu abin da zai hana su aiki. Maganin wannan shi ne yanayin jituwa, wanda ya shahara tun Windows XP na 2001. Za ka same shi in ka latsa fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka zaɓi shafin Compatibility.

Mutane da yawa sun ɗauka in sun zaɓi XP a wannan shafi, XP ɗin ne ke dawowa. A'a. Wasu 'yan ƙananan faci ne ake sakawa tsakanin manhajar da Windows. In ta tambayi lamba, a ba ta lambar XP. In ta nemi launuka 256 ko fuska mai faɗin 640 da tsayin 480, a yi mata kamar haka abin yake. In ta roƙi wani abu ta tsohuwar hanya, a fassara. Windows yana ɗauke da kundin irin waɗannan faci na manhajoji masu yawan gaske, yana saka su da kansa ba tare da ya faɗa maka ba. Al'adar ta daɗe. Sanannen misali shi ne wasan SimCity, wanda ke da kuskuren ci gaba da amfani da wani yanki na ma'adana bayan ya riga ya mayar da shi. A tsohon tsari hakan bai jawo komai ba, amma a Windows 95 zai kayar da wasan. Maimakon a ce laifin masu wasan ne, sai injiniyoyin Microsoft suka sa Windows 95 ya riƙa gane SimCity, ya sassauta masa. Sun san mai saye ba zai zargi wasan ba, sabon Windows zai zarga.

Yanayin jituwa yana da iyaka, kuma iyakar a fili take: ba ya tayar da bit 16, ba ya gyara direba.

Akwai kuma kayan aro. Manhaja ba ta zuwa da komai nata, takan jingina da wasu fayilolin taimako, galibi masu ƙarewa da DLL, da ta ɗauka za ta tarar a gida. Wasu suna nan har yau, kamar na Visual Basic 6 na 1998, wanda Windows 11 ke ɗauke da su. Wasu suna nan amma a kashe, sai ka kunna da kanka, kamar DirectPlay da tsoffin wasanni ke nema. Wasu sai an sauko da su, kamar .NET Framework 3.5 ko fayilolin Visual C++ na shekarar da aka rubuta manhajar. Wasu kuma an kore su baki ɗaya, kamar mai buɗe tsoffin fayilolin taimako masu ƙarewa da HLP. In saƙo ya ce maka an rasa DLL kaza, kada ka je ka ɗauko shi ƙwaya ɗaya daga shafin da ba ka san mai shi ba. Nemi kunshin da fayil ɗin ya fito daga ciki, daga wurin kamfanin da ya yi shi. Shafukan raba DLL hanya ce da masu mugun nufi suka daɗe da sani.

Inda bango yake

Direba ita ce 'yar manhajar da ke koya wa babbar manhaja yadda za ta yi magana da wata na'ura: firinta, sikana, injin gwaje-gwaje, injin yanka ƙarfe. Irin wadda ke zama a cikin zuciyar babbar manhaja ba a yi mata tafinta. Direba mai bit 32 ba ta shiga zuciya mai bit 64, faƙat. Ƙari a kan haka, tun daga Vista, Windows mai bit 64 ba ya karɓar irin wannan direba sai da sa hannun da ya amince da shi. To ina za a samu sa hannun kamfanin da ya rufe shekara goma sha biyar da suka wuce?

Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa za ka shiga ɗakin gwaje-gwaje ko masana'anta ka tarar da XP yana aiki. Ba jahilci ba ne, ba kuma rowa ba. Injin mai tsada ne, lafiyarsa ƙalau, zai iya ƙara shekara ashirin, amma direbarsa ta tsaya a 2003. Wa zai yar da inji saboda 'yar kwamfutar da ke gefensa?

Abin da ya fi ci mini rai a wannan babi shi ne makullan lasisi. Wasu manhajoji masu tsada sun zo da ɗan mabuɗi da ake sokawa a kafar firinta mai ramuka 25, kafar da sababbin kwamfutoci ba su da ita, kuma wayar da ke mayar da USB kafar firinta galibi ba ta gamsar da mabuɗin. Wasu wasanni na faifai sun zo da makulli irin SafeDisc, wanda Windows 10 ya daina tallafa wa saboda ramukan tsaro da ke jikinsa. Wasu kuma sai sun gaisa da uwar garken kamfani ta intanet kafin su buɗe, uwar garken kuwa an kashe ta tuntuni. A duk waɗannan, wanda ya biya kuɗinsa tsakani da Allah shi ne aka kulle a waje. Manhajar lafiya take, makullin da aka yi domin ɓarawo ne ya hana mai gida shiga.

Na intanet ba sai an tsawaita ba. Adobe Flash, mai kunna bidiyo da wasanni a shafukan intanet, ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2020. An yi ritayar Internet Explorer 11, manhajar buɗe shafukan intanet ta Microsoft, ranar 15 ga Yuni 2022, ko da yake an bar yanayinsa a cikin Edge, magajinsa, aƙalla zuwa 2029, saboda tsoffin shafukan ma'aikatu. Tsoffin hanyoyin ɓoye saƙo ma yawancin shafuka sun daina karɓar su, shi ya sa tsohuwar manhaja kan ce babu intanet alhali akwai.

Kamfanoni ba ra'ayinsu ɗaya ba a kan wannan nauyi. IBM ya fi kowa riƙon alkawari: manyan injinansa na yau suna kiyaye jituwa da dangin System/360 na 1964, shi ya sa bankuna ke tafiyar da shirye-shiryen COBOL, yaren da aka ƙirƙira a 1959. Apple kuwa ba ya waiwaye da yawa. Ya bar masarrafar Motorola zuwa PowerPC a 1994, ya koma Intel a 2006, ya koma tasa ta kansa a 2020. Kowane karo yakan ajiye tafinta na ɗan lokaci, sannan ya sallame shi. Tafinta mai suna Rosetta, na farko, ya zo a 2006, aka cire shi a 2011. A 2019 macOS Catalina ya daina buɗe duk wata manhaja mai bit 32. A Linux, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro shi, ya kafe a kan cewa gyaran zuciyar tsarin bai kamata ya karya manhajojin mutane ba, amma kayan aron da ke sama suna canzawa, don haka can ma tsohuwar manhaja takan tsaya. A nawa ganin babu wanda ya sha a banza. Mai yar da tsohon kaya yana cutar da masu dogaro da shi, mai ɗauke da shi kuma yana ɗauke har da ramukansa.

To me za a yi?

Kafin komai, a yi kwafin bayanai da na faifan girkawa da lambar lasisi, a ajiye su wuri biyu. Sannan a gano zamanin manhajar. In 'yar bit 32 ce marar buƙatar direba, yanayin jituwa da kayan aron da suka ɓace sukan wadatar, kuma girka ta a wata folda da ba Program Files ba yakan kawar da rikicin izini tun daga tushe.

In hakan bai yi ba, sai a gina mata tsohon gidanta a cikin sabon. Manhajoji irin VirtualBox, VMware da Hyper-V suna ware wani yanki na kwamfutarka su mai da shi kwamfuta ta biyu, ka girka XP ko Windows 7 na gaske a ciki. Microsoft da kansa ya taɓa raba irin wannan da sunan XP Mode a wasu nau'o'in Windows 7. Ga yawancin manhajojin ofis wannan ce hanya mafi inganci, domin manhajar tana samun ainihin abin da aka rubuta ta dominsa. Sau da yawa ana iya miƙa mata na'urar USB kai tsaye, tsohuwar direba ta yi aikinta a ciki. Kwamfutar ta biyun gaba ɗayanta 'yan fayiloli ne, kana iya kwafe su, kana iya ɗaukar hoton halin da take ciki ka komo gare shi in wani abu ya ɓaci. Sai dai tsohon Windows ɗin yana buƙatar lasisinsa, kuma wannan hanya ba ta fassara yaren masarrafa. Mai Mac na zamani ko kwamfuta mai masarrafar ARM ba zai tayar da XP ta haka ba.

Shi sai makwaikwayi, wato manhajar da ke kwaikwayon injin kansa, umarni bayan umarni, kamar QEMU ko 86Box. Ya fi nauyi, amma tsohuwar manhaja ba ta da ci, ba za ta ji ba. Ga DOS akwai DOSBox, wanda ya fito a 2002 domin wasanni, har yana bari ka rage gudun masarrafa yadda kake so. Reshensa DOSBox-X ya fi dacewa da manhajojin aiki, musamman masu buga takarda. Akwai kuma Wine, aikin da aka fara a 1993, wanda ke fassara roƙon manhajar Windows zuwa abin da Linux ke fahimta. Daga jikinsa aka samo otvdm, mai buɗe manhajojin Windows 3.1 a Windows mai bit 64. Yakan faru tsohuwar manhajar Windows ta fi sakewa a Wine fiye da a Windows na yau.

In kuwa akwai kati na musamman da ke cikin tsohuwar kwamfutar, ko inji mai buƙatar amsa cikin ƙiftawar ido, to babu makawa sai a riƙe tsohon ƙarfen. Ba abin kunya ba ne. Sai a 2019 rundunar Amurka ta daina amfani da faifan fulofi mai inci 8 a tsarin isar da umarnin makamanta na nukiliya. Gwamnatin Japan sai a 2024 ta gama soke dokokin da ke buƙatar fulofi. Amma riƙo yana da sharaɗi. A Nuwamban 2015 an dakatar da tashi da saukar jirage na wani lokaci a filin Orly na birnin Paris, saboda wani tsari da ke kan Windows 3.1 ya tsaya a ranar da hazo ya rufe filin. Duk mai riƙe da tsohon inji ya kwafe faifansa gaba ɗaya, ya tanadi kwamfuta ta biyu irinta tun ana samu, ya kuma rubuta yadda ake tayar da komai, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ya sani, kuma ba zai dawwama a wurin ba.

Ko wace hanya aka bi, tsohon Windows bai kamata ya ga intanet ba. An daina yi wa XP faci ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Duk ramin da aka gano bayan nan a buɗe yake zama, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 12 ga Mayu 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 150 ta wani rami a tsohuwar hanyar raba fayiloli ta Windows, ta durƙusar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama. Abin ya kai Microsoft ya fitar wa XP da facin gaggawa shekara uku bayan ya sallame shi. Galibin kwamfutocin da suka kamu ma Windows 7 ne da ba a saka musu facin da ya fito tun watan Maris ba. Kada kuma a ɗauka kwamfutar cikin kwamfuta ta tsira don tana ciki. In an haɗa ta da intanet, ko an buɗe mata folda ta tarayya da babbar, cuta tana iya bi ta nan. A kashe mata hanyar sadarwa, a bar ƙofa ɗaya ƙarama ta shigar da fayil da fitar da shi.

Duk waɗannan dabaru lokaci suke sayo maka, kuma abin da ya kamata a yi da lokacin shi ne fito da bayanan. Galibi ba manhajar ce ke riƙe mutum ba, aikin shekarun da ke kulle a cikin fayilolinta ne, a siffar da ita kaɗai ke iya karantawa. Tun tana buɗewa, a fitar da jadawalai zuwa CSV, siffar da kusan kowace manhajar jadawali ke karantawa, rubutu zuwa rubutu tsantsa, rahotanni zuwa PDF. Sannan a duba abin da ya fito da ido, domin a nan ma akwai ramuka. Manhajar da ke ajiye shekara da lamba biyu kan sa 1998 da 2098 su rikice wa sabuwar. Sifirin da ke gaban lamba yakan ɓace. Harsuna masu haruffa na musamman, irin masu lanƙwasar nan ɓ da ɗ da ƙ, sun fi kowa shan wahala: kafin Unicode, tsarin bai ɗaya na haruffan harsunan duniya, ya zama gama-gari, da wani salon rubutu na musamman ake nuna su, wanda ya ari gurbin wasu alamomi. In salon nan bai bi fayil ɗin ba, sai ka ga alamomin da aka ari gurbinsu sun dawo a tsakiyar kalmomi, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an musanya. Gwajin da zai kwantar maka da hankali shi ne ka ɗauki fayilolin da ka fitar, ka kai su kwamfutar da ba ta taɓa ganin tsohuwar manhajar ba, ka buɗe, ka kwatanta jimillar shekarar farko da ta shekarar ƙarshe da abin da tsohuwar take nunawa.